Tambayoyi da Amsoshi a Kan "-mente": Kalmar Hankali da Ta Koma Wutsiyar Kalmomi a Harsunan Rumawa

Wanda ya taɓa zama ajin Faransanci, ko yake sauraron masu sharhin ƙwallon Sifaniya da Italiya, kunnensa ya saba da wasu kalmomi masu ƙarewa iri ɗaya: finalmente, claramente, vraiment, doucement. Shekaru ina koyar da Faransanci, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai suka fi maimaita mini a kan wannan wutsiya. Na fi son darasinta a kan kowane darasi na nahawu, domin a cikinta mutum yake ganin yadda kalma mai rai take tsufa har ta zama kayan aiki.

Malam, wane ɗafa-ƙeya ne wannan, kuma mene ne aikinsa?

Shi ne wanda ake liƙa wa sifa ta koma bayanau, wato kalmar da ke faɗin yadda aka yi abu. A Sifaniyanci da Italiyanci da harshen Fotugal ana rubuta shi -mente. A Faransanci da harshen Katalan wasalin ƙarshe ya faɗi, sai ya zama -ment. Sifar da ke nufin "maras sauri" ita ce lento a ukun farko, lent a Faransanci. Idan ana son a ce mutum ya yi tafiya sannu a hankali, sai a ce lentamente ko lentement.

Furucin ne ya sha bamban. Mutumin Madrid da na Roma suna faɗin gaɓoɓin biyu cif, men-te. Yawancin mutanen Brazil kuwa sai ka ji kamar "menci". Bafaranshe ya haɗiye komai ya bar "ma" da ke fita ta hanci.

Me ake nufi da harsunan Rumawa?

Harsunan da suka tsiro daga Latin ɗin da talakawan daular Rum suke yi a kasuwa da barikin soja. Manyansu su ne Sifaniyanci, harshen Fotugal, Faransanci, Italiyanci da harshen Romaniya, sai Katalan da Oksitan da harshen tsibirin Sardiniya da wasu. Sunan dangin ma daga bayanau ya fito: romanice, wato "irin ta Rumawa", kusan yadda muke cewa Larabci ko Turanci. Wanda yake magana romanice shi ne mai yin harshen gari, ba Latin ɗin littafi ba.

To daga ina -mente ya fito?

Kalma ce cikakkiya, mai cin gashin kanta. A Latin mens na nufin hankali, tunani, niyya, abin da mutum ya ƙudurta a ransa. Latin tana sauya ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, kamar yadda wanda ya yi karatun li'irabin Larabci ya sani. Idan hankalin ne yake aikata abu, mens ne. Idan a kansa aikin ya faɗa, mentem ne. Idan kuma ana nufin "da hankali", wato shi ne abin da aka yi aikin da shi, sai a ce mente. Wannan siga ta uku ita ce aka gada.

Marubutan Latin sukan ajiye sifa kusa da ita don su nuna halin da zuciyar mutum take ciki lokacin da yake aikata abu. Mawaƙi Katulus, wanda ya rayu a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta waƙa yana yi wa kansa faɗa bayan masoyiyarsa ta juya masa baya. A ciki ya ce obstinata mente perfer, wato ka daure da zuciya mai taurin kai. Nan babu wata wutsiya. Kalmomi biyu ne, kuma zuciyar da ake magana ta gaske ce, ta mutumin da ke cikin ciwo. Amma ɗauki waɗannan kalmomi biyu ka manne su, ka kai wa ɗan Sifaniya na yau. Zai karanta obstinadamente, ya fahimci "da naci", ba tare da ya tuna da wata zuciya ba.

Saiwar kalmar ta girmi Latin nesa. Ita ce dai a cikin manas na Sanskirit da mind na Turanci.

Ta yaya kalmar da ke nufin hankali ta koma nufin "yadda aka yi abu"?

Bahaushe ba ya buƙatar a kai shi nesa kafin ya gane wannan, domin abin ya faru a bakinsa. Dubi "a hankali". Hankali kalma ce da muka aro daga aƙalu na Larabci. Idan uwa ta miƙa wa yarinya tiren kofuna ta ce "ɗauka a hankali", tana nufin ta sa hankalinta a kan abin da take yi, kuma wanda ya sa hankali ba ya gaggawa. Daga nan sai ma'anar rashin gaggawar ta rinjayi ta hankalin. Yau muna cewa ruwa yana gangarowa a hankali, rana tana faɗuwa a hankali, ciwo yana warkewa a hankali. Wane hankali ne da ruwa? Ba wanda yake tsayawa ya yi wannan tambaya, saboda kalmar ta riga ta sauka daga ma'anarta ta fari.

Haka mente ta yi. Da farko sai da sifofin da suka dace da zuciya ake haɗa ta: zuciya mai ibada, zuciya mai kyau, zuciya mai natsuwa. Marubutan Kirista na ƙarshen zamanin Rum sun yawaita irin wannan, devota mente, bona mente, domin maganarsu kullum a kan niyya take. Sannu-sannu aka fara haɗa ta da sifofin da ba ruwansu da zuciya.

Shaidar da malamai suka fi kafa hujja da ita tana cikin wani jerin kalmomi na ƙarni na 8, wanda ake kira da sunan gidan ibadar Reichenau da ke wani tsibiri a tafkin Konstanz, inda aka adana shi. An rubuta shi ne don taimakon masu karatun da tsohuwar Latin ta fara yi musu wuya: ga kalma mai wuya, ga fassararta da kalmar da kowa ya sani. A gaban singulariter marubucin ya sa solamente. Ka lura da abu biyu. Ya ɗauki solamente a matsayin kalmar yau da kullum da za ta warware mai wuyar. Kuma ma'anarta "kaɗai" ce, ba "da zuciya ɗaya tilo" ba. Zuciyar ta fita, wutsiya ta rage.

Masanin harshe Bafaranshe Antoine Meillet ne ya raɗa wa wannan tafiya suna a 1912, wato rikiɗar kalma zuwa kayan nahawu. Har gobe -mente na cikin misalan farko da ake bai wa ɗalibi.

Bambancinmu da su shi ne, "a hankali" ta tsaya wuri ɗaya. Ba mu mayar da ita ma'aunin da za a ƙera wasu kalmomi da shi ba. Su kuwa sun yi.

Latin ba ta da nata hanyar yin bayanau ne, har sai da aka ƙirƙiro sabuwa?

Tana da har biyu: -e, kamar a bene da male da tarde, da kuma -iter, kamar a fortiter, wato da ƙarfin hali. Matsalar ita ce ƙarshen kalma ya yi ta lalacewa a bakin mutane. Dogon wasali da gajere suka daina bambanta, gaɓar ƙarshe ta yi rauni, har ya zama da wuya kunne ya raba bayanau da sifa. Mente kuwa gaɓa biyu ce mai nauyi, ba ta ɓacewa a magana.

Ba ita kaɗai ta nemi kujerar ba. An yi amfani da animo, wato rai, da pectore, wato ƙirji, da modo, wato hanya. Tsohon Sifaniyanci ma ya gwada guisa, wadda ya aro daga harsunan Jamusawa. Mente ce ta yi nasara.

Tsofaffin ba su mutu duka ba. Waɗanda ake faɗa kullum sun tsira, kamar yadda aka saba: bien da mal da tard na Faransanci, bene da male na Italiyanci, tarde na Sifaniyanci.

Me ya sa kullum sai sigar mace ta sifa ake liƙa masa?

Wannan ce tambayar da ta fi ba ni daɗin amsawa. Wata rana wani ɗalibina ya rubuta heureuxment a allo. Da na gyara zuwa heureusement sai ya ce, "Malam, ai namiji ne ya yi aikin a jimlar, me ya kawo heureuse?" Tambayarsa daidai take, kuma littafinmu bai amsa ta ba, doka kawai ya bayar: ɗauki sigar mace, ƙara -ment.

Na ce masa ya faɗi "fari" tare da "zuciya". Ya ce "farar zuciya". Na ce to idan Audu ne ya yi kyauta da zuciya mai tsabta fa? Ya ce "Audu ya bayar da farar zuciya". Sai ya yi shiru, ya dubi allon, ya yi murmushi. Sifar ba Audu take bi ba, zuciyar take bi.

Mens mace ce a Latin. Duk sifar da ta raɓe ta dole ta ɗauki sigar mace: lenta mente, clara mente, sola mente. Kalmomin suka manne, aka manta da cewa akwai suna a wurin, amma sifar ta ci gaba da yi wa wannan suna biyayya. Shi ya sa ɗan Sifaniya yake cewa rápido amma rápidamente, Bafaranshe yake cewa doux amma doucement. Sama da shekara 1,000 ke nan ana girmama jinsin kalmar da yawancin masu maganar ba su san tana wurin ba.

Idan haka ne, ina sigar macen a vraiment da évidemment?

Labarinsu daban-daban ne. Vraiment a da vraiement ake rubutawa. Wasalin e da ya biyo bayan wani wasali ya daina fita a baki, daga baya aka cire shi a rubutu. Haka poliment da absolument.

Su évidemment da prudemment da constamment kuwa tsofaffin kaya ne. Akwai rukunin sifofin Latin da namiji da mace suke da siga ɗaya, kuma tsohon Faransanci ya gaji hakan. Prudent ya isa ga mace da namiji, don haka aka liƙa -ment kai tsaye, t ya faɗi, n ya narke cikin m. Daga baya ne aka ƙirƙiro wa irin waɗannan sifofi sigar mace mai e, amma bayanau ɗin ya riga ya daskare. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce ta bar grand-mère, kaka mace, ba tare da e ba. Ɗalibi ya kiyaye: -emment da -amment furucinsu ɗaya ne, duka da wasalin a.

Italiyanci nasa da sauƙi. Sifar da ta ƙare da -le ko -re bayan wasali tana yar da e: facile ta zama facilmente, regolare ta zama regolarmente.

Akwai sauran alamar da ke nuna cewa a da kalmomi biyu ne?

Akwai, kuma Sifaniyanci ne ya fi adana su. Kalmar Sifaniyanci wuri ɗaya ake danna murya a cikinta, amma waɗannan wuri biyu ne, ɗaya a kan sifar, ɗaya a kan men. Saboda haka ne alamar da ke kan fácil ba ta gushewa a fácilmente. Harshen Fotugal ma yana sa wata alama a irin wannan wuri, ana rubuta sòmente da ràpidamente, har sai da gyaran rubutu ya cire ta a Brazil a 1971, a Fotugal kuma a 1973.

Alama ta biyu ta fi wannan armashi. Idan bayanau biyu suka jeru, ɗan Sifaniya ba ya maimaita wutsiyar. Yana cewa lenta y cuidadosamente, kamar dai mu ce "da tsarkakakkiya kuma natsattsiyar zuciya", zuciya ɗaya ta wadatar da sifa biyu. Ɗafa-ƙeya na gaske ba ya yarda a yi masa haka. A rubutun Katalan na adabi abin juyawa yake: ta farko ce take riƙe wutsiyar, ta biyu ta tafi haka nan, ràpidament i silenciosa. Faransancin yau da Italiyancin yau sun daina wannan, kowace kalma da tata.

Mawaƙa ma sun ji tsagar da ke tsakani. Dante, wanda ya rasu a 1321, ya raba differente-mente gida biyu a wani baiti, rabi a ƙarshen layi, rabi a farkon na gaba. Fray Luis de León na Sifaniya, a ƙarni na 16, ya yi haka da miserable-mente.

Kuma -mente ɗin Sifaniyancin yau ba shi ne sigar da talakawa suka fara gada ba. A waƙar jarumi El Cid, wadda kwafinta yake ɗauke da shekarar 1207, layin farko da ya iso gare mu yana da fuertemientre. Ana samun -mientre da -miente a rubuce-rubucen wancan zamani, kafin sigar da ta fi kama da Latin ta ture su.

Ita kalmar mente tana nan da ranta?

Tana nan a Sifaniyanci da Italiyanci da harshen Fotugal, da ma'anarta ta hankali. Dimenticare na Italiyanci, mantawa, asalinsa fitar da abu daga mente ne. Faransanci ne ya rasa ta a matsayin suna, yana amfani da esprit.

An ce harshen Romaniya ba shi da wannan ɗafa-ƙeya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, bai gaje shi ba. Mutumin Romaniya yakan bar sifar yadda take ta yi aikin bayanau: frumos na nufin kyakkyawa, kuma cântă frumos na nufin yana waƙa da kyau. Yana kuma da -ește, kamar a românește, wato da harshen Romaniya ko irin ta mutanen Romaniya. 'Yan kalmomi irin su realmente da literalmente aro ne na baya-bayan nan daga yamma.

Tarihi ya ba da haske a nan. Sarkin Rum Tarajan ya ci ƙasar Dasiya, wato yankin Romaniya ta yau, a shekarar 106, Rumawa suka janye daga cikinta wajen shekarar 271, sannan zuwan Silabawa yankin Balkan ya ƙara raba masu Latin na gabas da 'yan'uwansu na yamma. Wannan na nuna cewa mannewar ba ta kammala ba sai bayan an rabu. Sai dai ba nisa kaɗai ba ne, domin karuruwan harshe na kudancin Italiya su ma sun fi son sifa tsurarta.

Amma kalmar tana nan a Romaniya, minte. Yaro mai natsuwa ana ce masa cuminte, wato cu da minte, "da hankali". Ranar da na fara cin karo da wannan kalma na daɗe ina kallonta, domin daidai take da "yaro mai hankali" namu, ba ragi ba ƙari.

Shin -ment na gouvernement da mouvement shi ne wannan?

A'a. Kama da wane ba ta wane. Wannan daga -mentum na Latin ya fito, wanda ake liƙa wa aikatau ya zama suna, kuma ba shi da alaƙa da mens. Faransanci ne ya gauraya su a ido da kunne, domin duka biyun sun koma -ment. Sauran harsunan sun raba su sarai: Italiyanci movimento, Sifaniyanci movimiento, harshen Romaniya kuma -mânt, kamar a jurământ, rantsuwa. Hanyar ganewa a Faransanci: idan za ka iya sa le ko un a gabanta, suna ce.

Wannan na biyun ne ya shiga Turanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kuma ta Turanci ya iso bakinmu. "Gwamnati" daga government take, wadda wutsiyarta ta kusa cinyewa a hanya. "Siminti" kuwa ta riƙe tata: caementum a Latin na nufin fasassun duwatsun gini, daga aikatau mai ma'anar sara.

Akwai na uku da ke kayar da masu koyo: -ment na ils aiment, "suna so". Wannan m ɗin na saiwar aikatau ne, -ent kuma ba a furta shi sam.

To -ly na Turanci fa?

Hanya ɗaya suka bi, amma da kalma daban. -ly ya samo asali daga lic na tsohon Turanci, mai nufin jiki ko siffa. Danginsa ne -lich na Jamusanci, da Leiche, wadda a yau take nufin gawa. Jikokin Rumawa suka ce "da hankali kaza", dangin Jamusawa suka ce "da jiki kaza".

Kowace sifa za a iya liƙa wa -mente?

Ba kowace ba. Launuka ba sa karɓa, sai in ma'anar ta kauce: vert kore ne, amma vertement na nufin yi wa mutum magana da kaushi. Wasu wuraren kuma sifa tsurarta ake so, kamar parler fort, ɗaga murya, da coûter cher, yin tsada.

Wanda ya fara da Turanci, kamar yawancin ɗalibanmu na Nijeriya, ya yi hattara da biyu. Actuellement da actualmente na nufin "a halin yanzu", ba "a gaskiya" ba. Éventuellement na nufin "mai yiwuwa, in ta kama", ba "daga ƙarshe" ba. Na ga wasiƙar neman aiki da wannan kuskure ya juya wa ma'ana gaba ɗaya, mai ita yana son ya ce tabbas zai zo daga baya, takardar kuma tana cewa wataƙila.

Me ya sa wasu marubuta suke ƙyamarsa?

Saboda arharsa. Kowace sifa ka kama sai ta ba ka bayanau ba tare da ka yi gumi ba, kuma idan suka yi yawa a shafi sai rubutu ya riƙa amo ɗaya, mente, mente, mente. Gabriel García Márquez na Kolombiya, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1982, ya faɗa a tarihin rayuwarsa da ya fito a 2002 cewa ya ɗauki yawan amfani da su a matsayin mugun sabo, ya kuma kore su daga littattafansa na baya, domin neman madadinsu kan kai shi ga jimla mafi kyau.

Ina ganin yana da gaskiya a kan malalacin rubutu, amma ba na goyon bayan a mayar da zaɓinsa doka ga ɗalibi. Heureusement guda a farkon jimla tana ɗaukar abin da sai an yi kalma huɗu ko biyar kafin a faɗa. Tsawonsu dai ba a musu: anticonstitutionnellement, mai harafi 25, ita ake koya wa yaran Faransa a matsayin kalma mafi tsawo, Italiyawa kuma suna da precipitevolissimevolmente mai 26.

Wace kalma ce mai wannan wutsiya aka fi faɗa?

A Faransanci ina ganin comment ce, wadda ba wanda yake zarginta. Tsohon Faransanci yana da com, "yaya", daga quomodo na Latin, wato "ta wace hanya". Sai aka ƙara mata -ment, ko da yake ba sifa ba ce kuma ba ta buƙata, don kawai kunne ya saba jin wutsiyar a kan duk kalmar da ke maganar yadda abu yake. Ɗan makarantar da ya tare ka a Maraɗi ko Damagaram ya ce comment ça va, da modo da mente duka ya haɗa a kalmarsa ta farko.